Ranar Da Gwadabe Ya Kama Bakinsa

A duk masana'antun Challawa babu wanda ya kai Malam Gwadabe sanin cikin mutane, kuma babu wanda ya kai shi saurin zazzage abin da ya sani. Shi ne manajan ma'aikata na masaƙar nan da ake yi wa laƙabi da Mai Barewa, saboda hoton barewar da ke bakin atamfarta. A bayan kujerarsa kabad-kabad ne na ƙarfe a jere, cike da fayil, kowane ma'aikaci da nasa: garinsu, albashinsa, gargaɗin da aka taɓa yi masa, har da ciwon da ya kai shi asibitin kamfani. Makullan suna rataye a ƙugun Gwadabe, in yana tafiya sai ya riƙa kaɗa su don a san ya iso. Sai dai kabad ɗin kawai ake kullewa. Bakin mai makullan a buɗe yake wuni, a buɗe yake kwana.

Kada a ɗora masa laifin shi kaɗai. Haka muke duka a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin, mu da muka yi boko muka sami ofis da fanka. Manajan wata majema a Sharaɗa zai bugo waya ya ce ga wani ya zo neman aiki, wai daga Mai Barewa ya fito. Gwadabe ko fayil ba zai buɗe ba zai ce, "Dogon nan mai tabo a goshi? Kada ka kuskura, ɗan ƙungiya ne, kafin wata ya mutu zai tayar maka da yajin aiki." Shi ke nan, an gama da dogo mai tabo daga Sharaɗa har Bompai. Masu gidajen haya na Ɗorayi su ma nan suke zuwa jin halin mai neman ɗaki. Ba wanda ya taɓa kiran wannan gulma a cikinmu, taimakon juna muke ce masa.

Amma baƙin da Gwadabe ya fi so su ne dattawa masu binciken aure. Yawancin ma'aikatan masaƙa baƙi ne, daga ƙauyukan Haɗeja da Gumel, wasu ma daga tsallaken iyaka. In irinsu ya nemi 'yar wani, uban yarinya ba shi da kawu ko maƙwabcin da zai je ya tambaya, sai ya naɗa rawani ya nufo ofishin manaja. Gwadabe ya sa a kawo shayi, ya jawo fayil ya buɗe a gabansa don kwarjini kawai, sannan ya yanke hukunci. In mutumin kirki ne, ya yi ta zuba yabo har shayin ya huce. In kuwa ya san wani mugun abu, sai ya yi shiru ya kalli silin. Kowa ya san ma'anar wannan shirun. Mai mutunci ba ya ɓata wani da bakinsa a maganar aure, kama baki yake yi, mai tambaya ya yi godiya ya tashi da amsarsa. Gwadabe yakan ce auren da ya ɗaura a ofis ɗin nan ya fi na limamin Zawaciki yawa, kuma ba da wasa yake faɗa ba.

Labaran na sashen rini yana cikin masu jiran wannan hukunci. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Damagaram, fari ya koro shi tun yana saurayi, ya yi shekara da shekaru a gaban tukwanen rini har launi ya kama hannuwansa zuwa gwiwa, sabulu ya gaji ya ƙyale su. Ba ya makara, ba ya faɗa, ba a taɓa jin warin wani abu a bakinsa ba. Ya ga Atika 'yar Malam Uwaisu na Zawaciki, ita ma ta gan shi, magana ta yi nisa har an karɓi kayan farko. Abu ɗaya ya rage, uban ya yi bincike. Labaran ya zo ofis, ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, za a zo tambaya a kaina. Ni kuwa ba ni da kowa a ƙasar nan. In an nemi dangina, ku ne."

"Kai, tashi ka je ka ba tela ɗinkin babbar riga," in ji Gwadabe. "In dai ni za a tambaya, ka yi aure ka gama."

A makon ne ƙungiyar masu masana'antu ta kira taro a Bompai. An ɗauko wani lauya daga Legas, ya zo da takardu a jaka ya ce daftarin wata doka ne da ake maganar kai wa majalisa, irin wadda ƙasashen Turawa suka fara yi. In ta tabbata, in ji shi, duk abin da kamfani ya rubuta game da mutum ya zama amana. Ba a ba wani sai da yardar mai shi, shi kuma yana da ikon ya ce a nuna masa abin da aka rubuta a kansa. Kamfanin da ya saɓa zai sha tara mai zafi, wataƙila ma har da kotu.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wani mai kamfanin alewa ya tambaya ko lebura zai iya shigowa ofis ya ce a buɗe masa fayil, lauya ya ce ƙwarai kuwa, mai alewa ya yi salati ya koma ya zauna. Sai Alhaji Lawal ya miƙe yana naɗe hannun riga. Shi ne ya fi kowa hannun jari a Mai Barewa tun lokacin da aka ce Turawa su sayar wa 'yan ƙasa kaso, kuma in ya yi magana ba a katse shi.

"Yanzu ni da kamfanina, ni nake biyan albashi, sai na roƙi leburana izini kafin in san ko shi wane ne? Ga auduga ta yi tsada, ga lasisin shigo da kayan gyara ya gagara, sannan a ce mu ɗauki sabon ma'aikaci aikinsa kawai gadin takarda? Wannan doka in ta zo, masu jari kwashe abinsu za su yi su koma sayar da shinkafa."

Aka tafa masa sosai. Gwadabe ya fi kowa tafi.

Can sai Baturen da ke wakiltar abokan jarin Mai Barewa na waje ya nemi magana. A hankali ya ce su a can gida majalisarsu ta yi nisa da irin wannan doka, kuma da zarar an kawo kwamfuta Challawa, bayanan ma'aikata can babban ofishinsu za a riƙa aikawa. In bayanin wani ya fita a nan, can za a kama su, jaridu su buga, darajar hannun jarinsu ta faɗi. Saboda haka sababbin injinan saƙa da aka yi alkawari ba za su taso ba sai sun tabbata masaƙar ta iya riƙe bakinta.

Ba a taɓa ganin ra'ayi ya juya da sauri irin na Alhaji Lawal ba. Tun Baturen bai gama zama ba ya sake miƙewa ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan, rufin asiri ai addini ne. Aka sake tafawa. Gwadabe ya ga inda taron ya karkata, sai kawai ya ji ƙafafunsa sun ɗaga shi ba tare da sun yi shawara da shi ba. Ya zaro Turancin da yake ajiyewa don irin wannan rana, ya ce su a Mai Barewa ba sa jiran doka. Shi da kansa, tun da ya kama aiki, ko matarsa ba ta taɓa jin abin da ke cikin fayil ɗin ma'aikaci ba. Manajan majemar Sharaɗa, wanda da safiyar nan ma sun yi waya, ya sunkuyar da kai yana tari a cikin hankici. Nan take aka naɗa Gwadabe shugaban kwamitin shirin karɓar doka, Baturen ya taso ya ba shi hannu. Abin takaicin shi ne ƙaryar ba ta dame shi ba ko kaɗan. Kafin Fijonsa ta kai shi gida ya riga ya yarda da abin da ya faɗa.

Washegari ya sa kafinta ya ƙara wa ƙofar ofis sakata, ya sa aka juya kabad ɗin suka kalli bango, har masinja sai ya yi sallama sau biyu kafin a ce ya shigo. Wayar Sharaɗa ta yi ta ƙara ya ƙi ɗauka. Ya ji kansa kamar sabon alhaji da ya dawo daga Makka, kowa ya kalla sai ya ga yana buƙatar wa'azi.

A cikin wannan hali Malam Uwaisu ya same shi. Da hantsi ya jingine kekensa a bakin get, ya karkaɗe rigarsa, maigadi ya rako shi. Dattijo ne siriri, manomin rani a bakin kogi, mai magana a hankali. Da ya zo kafin taron Bompai, da an gama komai a kan kofin shayi. Amma ya zo bayansa, kuma ya zo daidai lokacin da Baturen yake ofishin akanta na kusa, ƙofar tsakani a buɗe. Suka gaisa, aka tambayi iyali da gona da kogi, sannan dattijon ya gyara murya.

"Manaja, wani yaronku ne, Labaran na wajen rini, yake neman 'yar wajena. An ce in ana son sanin mutumin masaƙa, ku ake tambaya."

Amsar tana kan harshen Gwadabe, dama ta daɗe a shirye. Sai ya ji motsin kujerar Baturen a ɗaya ɗakin. Ya gyara zama, ya ɗora hannuwansa a kan tebur, ya ɗaga murya yadda za ta tsallaka ƙofa. Baturen nan ko sannu bai iya da Hausa ba, amma Gwadabe bai tsaya tuna wannan ba.

"Malam, ku yi haƙuri. Game da Labaran ba zan iya cewa komai ba."

Dattijon ya dube shi. "Komai?"

"Komai. Akwai dokar da ke tafe, ta hana mu faɗin abin da muka sani game da ma'aikaci."

"Ta iso?"

"Tana hanya."

"To." Malam Uwaisu ya ja carbinsa. "Bara maƙwabcina ya zo nan a kan mijin 'yarsa. Ya ce har shayi kuka ba shi, kuka yi masa bayani tiryan-tiryan."

"Bara daban, bana daban, Malam."

"Haka ne. Na fahimta." Ya miƙe a hankali ya zura takalmansa. "Allah ya saka da alheri. Kun rufa wa bawan Allah asiri, ku ma Allah ya rufa naku."

Gwadabe ya raka shi har baranda, ransa fes. Yana komawa ya ce wa Dorkas mai buga masa tafireta, "Kin gani ko? Ana cewa mutanen ƙauye ba za su gane dokar zamani ba. Ga shi bayani ɗaya na yi ya fahimta." Dorkas ta buɗe baki, ta tuna wanda ke sa hannu a takardar hutunta, ta mayar ta rufe.

Wadda ba ta da takardar hutu a hannunsa ita ce matarsa Mairama. Da yamma yana cin tuwo ya kwashe labarin ya ba ta, da suna da gari da komai, shi da ya tsaya a Bompai ya ce ko matarsa ba ta jin na ofis. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, uban yarinya ya tambaye ka halin yaro, ka ce ba za ka iya cewa komai ba?"

"Doka ce."

"Shi ina ruwansa da wata doka? Da aka zo tambayarka a kan direban nan mashayi, me ka ce?"

Gwadabe ya tsaya da loma a hannu. Wancan karon ma bai ce komai ba a kan direban. Shiru ya yi, kuma a makon aka fasa auren.

"To ka kashe wa bawan Allah aure," in ji ta, "kuma ka dawo kana ba ni labari kamar ka ciyo kyauta."

Gwadabe ya mayar da lomar cikin kwano. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, don in akwai wanda ya ƙware a wannan shirun a duk Challawa, shi ne. Ya yi shekaru yana aiki da shi a kan mashaya da masu dukan mata, yau ga shi ya sauke shi a kan mutumin da ko tsawa bai taɓa jawo wa kansa ba. Amma kunyar ɗan boko ba ta daɗewa, nan da nan take rikiɗa ta koma hujja. Ya ce ai ya yi wa dattijon bayani dalla-dalla, in bai gane ba wannan kuma ba laifinsa ba ne. Mairama ta kwashe kwanuka ta fice. Ya bi ta da murya ya ce gobe zai aika a gyara.

Gobe ta zo ta same shi yana rubuta rahoton kwamiti, kuma rahoton ya yi masa daɗi har ya manta da azahar sai da aka tuna masa. Jibi kuma Alhaji Lawal ya kira shi a waya.

"Gwadabe, ina son sanin su wane ne ke zuwa taron ƙungiyar ma'aikata a bayan kanti, da unguwar da kowa yake kwana. Turawan nan ba sa son jin yajin aiki kafin injina su iso."

"Alhaji, ai dokar nan..."

"Wace doka? Wadda ba a haifa ba? Ko ta zo ai don mutanen waje za a yi ta. Ni mai gida ne."

Kafin la'asar Gwadabe ya juyo da kabad ɗin daga bango ya karanta masa sunaye, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba. Da ya ajiye kan wayar ya zauna, fanka tana juyawa a kansa. Dokar da ko majalisa ba ta gani ba, a duk faɗin Kano a kan mutum ɗaya aka zartar da ita, tsoho mai keke.

A ƙarshen makon Labaran ya zo. Gwadabe ya shirya wa fushi, har ya tanadi kalmomin lallashi da na tsawa, ya ga wanda zai fi dacewa. Amma babu fushi a fuskar Labaran, tsoro ne. Ya rame a 'yan kwanakin nan, idanunsa sun zurma.

"Ranka ya daɗe, an dawo mini da kayan. Ba a ce na yi laifi ba, an dai ce Allah bai yi ba." Ya durƙusa. "Ni ba ƙara na kawo ba. Da damina na yi tari na je asibitin kamfani, aka ɗebi jinina aka ce in tafi. In wani abu likita ya rubuta, ku faɗa mini don Allah. Na fi so in sani, in koma gida in mutu a gaban tsohuwata."

Nan ne abin ya soki Gwadabe da gaske. Ashe ba uban yarinya kaɗai ya yarda da shirun ba, har wanda aka yi shirun a kansa ya yarda. A wurin Labaran manaja ba zai kama bakinsa a banza ba, in bai faɗa ba to akwai abin da ba ya faɗuwa.

"Lafiyarka ƙalau, Labaran. Mura aka rubuta. Babu komai a kanka, wallahi babu komai."

"To me ya sa ba ku faɗa masa ba?"

Gwadabe ya fara bayanin daftari da majalisa da darajar hannun jari, ya ji shi kansa maganar ba ta shigar shi, sai ya yanke. "Wautata ce. Ka shirya, gobe za mu Zawaciki."

Har a nan bokon bai sake shi ba. Ya tuna daftarin ya ce da yardar mai shi ana iya magana, sai ya sa Dorkas ta buga takardar yarda, Labaran ya dangwala yatsa. Ya ninke ta ya sa a aljihun rigarsa ta safari yana jin ya haɗa zamani da al'ada a wuri ɗaya, har ya raya a ransa zai kawo misalin a zaman kwamiti na gaba.

Suka isa Zawaciki bayan azahar. A hanya Labaran yana zaune a gefen kujera kamar mai tsoron ɓata ta, Gwadabe kuwa ya yi ta tabbatar masa magana ce ta minti kaɗan. Ya ajiye Fijon a ƙarƙashin wata darbejiya nesa kaɗan da gidan, Labaran ya zauna a ciki, don ba a zama a gaban suruki ana maganar mutum. Malam Uwaisu ya shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa da fura. Ya karɓi baƙon da mutuncin da ya fi abin da ya cancanta, wannan kuwa ya ƙara sa Gwadabe jin ƙanƙanta.

Sai ya zazzage komai. Ya faɗi shekarun Labaran a masaƙa, ba makara ba gargaɗi, ya faɗi lafiyarsa da sallarsa, ya ce in injina sun iso shi za a ba shugabancin sashe. Wannan na ƙarshen a nan zauren ya ƙirƙiro shi, amma ya yi niyyar cikawa. Ya zaro takardar yarda ya miƙa. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya ajiye a gefen tabarma, ya ɗora carbinsa a kai don kada iska ta ɗauka.

"Dokar ta fasa zuwa ne, Manaja?"

"A'a, tana nan tafe. Amma yanzu ya ba ni izini."

"Wato ya zo ya same ku."

"Ya zo."

"Ai dole. Ku ma kuna da tausayi, fuskarku ta nuna." Malam Uwaisu ya tura masa kwanon fura. "Ranar da na je ofis, daga ku sai Allah, kuka kama bakinku. Yau yaro yana zaune a motarku, kun zo da yabo cike da baki. Ku da kanku, in ku ne a wurina, wanne za ku ɗauka?"

Gwadabe ya yi rantsuwa, ya ƙara wata, ya ga rantsuwar tana ƙara lalata abin. Sai ya sauke murya.

"Malam, ranar ba daga ni sai Allah ba ne. Akwai Bature a ɗakin kusa, mai kawo mana jari. So nake ya ji ina bin doka."

"Yana jin Hausa?"

"Ba ya ji."

Dattijon ya dube shi da kyau, ya sake dubansa, sannan kafaɗunsa suka fara motsi. Dariya yake yi, marar sauti, har ya share ido da bakin rawani. "Wannan kam," in ji shi, "ba wanda zai ƙaga wa kansa." Gwadabe bai taɓa murna da an yi masa dariya ba sai ranar. Ya ji auren ya dawo, yana nan a tsakiyar tabarma, saura a miƙa hannu a ɗauka.

"Ni ma ba son raina ba ne," in ji Malam Uwaisu da ya natsu. "Yarinyar nan tun ranar ba ta cin abin kirki, uwarta ta hana ni sakat. Ban iya karatun takardarku ba, ban san dokarku ba. Mu nan tambaya ɗaya muke yi wa mai shaidar baƙo, in ya amsa shi ke nan, an gama. Kuna da 'ya mace?"

"Ina da ita. Indo. Tana kwalejin 'yan mata, ajin ƙarshe."

"Masha Allah. To da Indo Labaran ya ce yana so, za ku ba shi?"

Amsar kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai zo gobe ya ce a cika. Gwadabe ya san haka sarai. Ya buɗe baki. Sai ga Indo a idonsa da farin kayan makaranta, wadda yake yi wa tanadin jami'a, da miji likita ko injiniya, ko ma ɗan Alhaji Lawal da ke karatu a waje in Allah ya yi. Sai ga hannuwan Labaran shuɗaye har gwiwa, da ɗakinsa ɗaya na haya, da ƙauyen nan na bayan Damagaram da ko sunansa Gwadabe bai taɓa riƙewa ba. Bai ce a'a ba. Numfashi kawai ya ja, ya kai hannu ga kwanon ruwa ya kurɓa. Da ya samo muryarsa ya ce, "Ai, ai Malam, Indo karatu take yi," tun bai rufe baki ba ya san ya makara.

Malam Uwaisu bai yi fushi ba. Ya ɗauke carbinsa daga kan takardar, ya ninke ta yadda take, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya ba ta sa'ar karatu. Na gode da tattaki, Manaja. Ku gaida gida."

Daga zaure zuwa darbejiya ba nisa, amma Gwadabe ya yi ta jan ƙafa. Yana ta neman wanda zai ɗora wa: lauyan Legas, Baturen, Alhaji Lawal, majalisar da ba ta ma zauna ba. Duk wanda ya ɗauko sai ya ga bai shiga zauren nan da shi ba. Labaran ya hango shi, ya fito da sauri ya zagayo ya buɗe masa ƙofa, yana neman amsa a fuskarsa.

"Ranka ya daɗe, kun faɗa masa?"

"Na faɗa masa komai."

"Ya yarda?"

"Ya kusa. Sai ya yi mini wata tambaya, na kasa amsawa."

Labaran bai saki ƙofar motar ba. Can ya ce a hankali, kamar mai nema wa manajansa mafita, "Ita ma dokar ce ta hana?"

Da Gwadabe ya ce e, da Labaran ya yarda, don bai taɓa ƙaryata shi ba. Ya dube shi, ya ji ba zai iya ba.

"A'a, Labaran. Wannan ba doka ba ce. Ni ne."